Gida Daban, Fili Daban

Tawau, Sabah
Fabrairu, 1996

Zuwa ga yayana Daeng Mappiasse, malamin makarantar Lawarang,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen gari. Mu ma nan lafiya lau, sai Inna da gwiwoyi suka matsa wa, idonta na hagu kuma ya fara hazo.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce Nurhaedah, 'yar I Cenning. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito. Ina 'yar shekara tara muka bar Lawarang, kai lokacin gashin baki ya fara fito maka, kana wucewa a keken babanka ba ka gaida mutane. Yanzu ni ke dafa wa ma'aikata abinci a wata gonar kwakwar manja. Mijina ya rasu, ba ni da kowa sai Inna. An ce mini duk garin kai ne ba ka tsoron ofis, shi ya sa na tsallake na kusa na zo gare ka.

Maganar gidanmu ce, wanda Baba ya sayar wa mijin Puang Sennang da za mu taho. Inna ba ta da zance sai nasa, safe da yamma. Ta ce ba ta son a yi mata wanka a ɗakin kamfani. A gidan nan aka kai ta amarya, a cikinsa take so a rufe mata ido. Na daɗe ina tari, kuma ina ganin abin da na tara ya isa a buɗe baki. Na rubuta maka yawansa a bayan takardar nan.

Ka duba mini ko gidan yana nan, ko za a sayar, da abin da hukuma take nema. Ni ban san komai a kan wannan ba, in ba cinikin kifi da barkono ba.

Ƙanwarka,
Haeda

Lawarang
Afrilu, 1996

Ndi' Haeda,

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuna raye. Muna lafiya, an girbe shinkafa, ba yabo ba fallasa. Ki gaida Gwaggo Cenning, ki ce ta riƙa shafa man kwakwa da ɗumi. Keken da kika tuna ba shi da birki, shi ya sa ban tsaya gaisuwa ba.

Gidanku na katako yana nan a kan dogayen dirkokinsa, bakin titi. An canza masa rufi zuwa kwano, tsanin ya rasa matakai biyu, sauran katakon kuwa zai binne ni da ke. Amma kin san yadda abin yake a nan, gida daban, fili daban. Filin na marigayi Haji Patiroi ne, aron wuri ya ba ku, aron ne kuma ya ci gaba har yau. 'Ya'yansa uku suna son sayarwa. Gidan na Puang Sennang ne. Mijinta ya rasu, ɗanta Sakka yana aikin jirgin kamun kifi a Ambon, ita kaɗai ke ciki.

Na hau na gaida ta, na faɗi saƙonki. Ta ce, "Wace Haeda? Mai majinar nan?" Na ce ita. Ta ce, "Cenning tana raye ashe? Tana nan da bakinta?" Na ce ban ji an ce ya ragu ba. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Ka gaya musu gidan nasu ne. Ni dama tsanin nan ya fi ƙarfina, ƙanwata tana ta kira in koma wajenta. Duk ranar da suka zo, su ba ni abin da ya sawwaƙa in sauka. Ba zan sayar wa kowa ba, ko zinariya ya ɗauko."

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abin da kika tara zai sayi ɗaya, ba zai sayi biyu ba. Filin ba shi da takardar mallaka, sai tsohuwar takardar haraji mai sunan Haji. Kafin ya zama naki sai an fitar da shaidar magada, an yi ciniki a gaban hakimi, an auna, an liƙa sanarwa, sannan ofishin ƙasa ya rubuta sunanki. Hanyar da tsawo. Gida kuwa ba ruwan ofishin ƙasa da shi. Takarda guda ce da kan sarki da shaidu biyu a gaban dagaci, kafin shayi ya huce an gama.

Shawarata ki fara da gidan. In kin ƙi, to aƙalla ki bar ni in rubuta alkawarin tsohuwar ta dangwala yatsa. Ba don ina zarginta ba, don dai ta tsufa.

Yayanki,
Asse

Tawau
Mayu, 1996

Daeng Asse,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Inna ta ji daɗin saƙon Puang Sennang, ta sa na maimaita mata wurin majinar har sau uku. Iyakar abin da nake karanta mata ke nan, gaisuwa da labarin gari. Maganar takardu ba na gajiyar da ita da shi, na dai ce mata an fara.

Filin za mu fara saya. Bari in gaya maka dalili. Bara ina gani da idona aka kawo katafila unguwar mutanenmu da ke bakin teku a nan. Gidaje ne masu kyau, da labule da firiji, wasu shekara ashirin suna ciki. Kafin azahar babu ko ɗaya a tsaye, don ƙasar ba tasu ba ce. Wata da muke aiki tare ta fito da tukunyar shinkafa kawai a hannu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Ba zan ɗauki Inna daga aro in kai ta aro ba. In magadan Haji suka sayar wa wani baƙo fa, ina za mu ajiye gidan, a kaina?

Batun yatsa kuma, Daeng, ashe karatu yana ɗauke kunya? Puang Sennang ce ta yanke mini cibi. In ka hau mata da takarda da tawada, me na ce mata ke nan? Na ce maganarta ba ta isa ba. Ko ta turo ka daga saman tsani ba ta yi laifi ba. Takarda ta gwamnati ce da baƙi. Tsohuwa ta ce gidan namu ne, magana ta ƙare. Zan ci gaba da tari, kafin ku gama da ofis na haɗa nata.

Ga takardar wakilci da ka ce sai da ita. Na je ofishin jakadancinmu sun buga mata hatimi, bayan na wuni a layi, an kuma yanke mini kuɗin aikin ranar. Kuɗin suna tafe ta banki. Na haɗo da zane ɗaya, ka kai wa Puang Sennang, ka ce daga Cenning mai baki.

Haeda

Lawarang
Oktoba, 1996

Ndi' Haeda,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai zafi da jiran ruwa. Zanen ya isa ga mai shi, ta ce launin na 'yanmata ne, ta kuma ɗaura shi a ranar.

Na yi shiru ne don babu abin faɗa sai jira. Yanzu an samu.

Shaidar magada ta fito daga wajen dagaci. Biyu daga cikin 'ya'yan Haji suna nan, ƙaramarsu Besse tana aure a Samarinda, kuma hakimi ya ce ba zai rubuta ciniki ba sai da hannun kowa. An aika mata, ta ce ba ta yarda da rabon ba. An sake aikawa, ta ce ta yarda amma mijinta ba ya gari. Daga ƙarshe ta zo bikin wata, muka tare ta tun lallen bai bushe ba.

Ranar ciniki mun zauna a gaban hakimi, ni a madadinki, su uku, da shaidu. Ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, babban yayan yana gyangyaɗi. A ƙasanta akwai wurin da ake rubuta abin da ke kan filin, in yana cikin cinikin. Hakimi ya tambaya, suka ce gidan ba nasu ba ne, sai ya ja layi a wurin. Hakan daidai ne, ba a sayar da kayan wani. Aka biya su, aka biya abin da gwamnati ke karɓa, kowa ya sa hannu.

Safiyo ya zo awo. Dole ne maƙwabta su tsaya su yarda da iyaka. Na gabas ya ce bishiyar kwakwar da ke kusurwa tasa ce, babansa ya shuka. Babban ɗan Haji ya ce, "Babanka ko barkono bai taɓa shukawa ba." Aka yi ta yi har rana ta take. Na tambayi safiyo nawa ne abin da ake faɗan a kai, ya nuna mini da tafin hannu. Na bar wa na gabas kwakwarsa da sunanki, ina fatan ba ki da buri a kanta. Puang Sennang tana kallonmu ta taga, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin maza bakwai suna auna abin da ba ya gudu ba.

Takardun suna ofishin ƙasa yanzu. Kada ki ɗauka an gama. Kin saya, amma ba a rubuta ki ba tukuna.

Tsohuwar ta rame, tarin ya ƙi tafiya. Ban sake ɗaga maganar yatsa ba, tunda kin hana.

Asse

Lawarang
Janairu, 1997

Ndi' Haeda,

Assalamu alaikum, barkanku da shan ruwa. Muna lafiya, da fatan Gwaggo tana iya azumin.

Puang Sennang ta rasu a goman tsakiya na watan nan na azumi. Allah ya jiƙanta. Sakka ya iso ana saura kwana biyu, a hannunsa ta cika. Yana nan a gidan, ya ce zai zauna har arba'in. Gidan nasa ne yanzu, shi kaɗai ta haifa.

Ga kuma abin da ya taso a ofis. Sun ga a zanen safiyo akwai gida a kan filin, kuma takardar ciniki ta nuna ba naki ba ne. Suka ce ba za su liƙa sanarwa ba sai mai gidan ya sa hannu cewa ba shi da haƙƙi a filin, kuma zai ɗauke gidansa duk lokacin da mai fili ya nema. Kalmomin nasu ne, a buge suke, ba a canza su. Na ce mai gidan yana zaman makoki. Ma'aikacin ya ce takarda ba ta ruɓewa, in kawo duk ranar da na samu.

Ni dai ba na son in hau wa mutum da irin wannan yanzu. Ban san Sakka sosai ba, amma an ce yana da zuciya. Ina ganin a bar ofis ya jira. Ki rubuto masa ta'aziyya da hannunki, ki aiko da ko kaɗan ne a kan gidan, a yi magana a gaban dagaci. Bayan haka takardar ofis ba za ta yi masa ɗaci ba. Amma hakan zai ja mu watanni, kuma filin naki ne, don haka sai abin da kika ce. In kai masa, ko in dakata?

Zan ba wani ɗan garin nan da zai koma Sabah bayan Salla ya kawo miki hannu da hannu, ya fi gidan waya sauri.

Asse

Tawau
Fabrairu, 1997

Daeng Asse,

Barka da Salla. Ni lafiya, Inna ce babu. Ta faɗi a makewayi cikin azumi, mun kwana huɗu a asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ya kuma faɗa mini wasu maganganun a waje da ba zan rubuta ba. Ta dawo gida, tana cin abinci kaɗan, kullum tana tambayar yaushe jirgi.

Daeng, shekara guda ke nan. Na san kai mutum ne mai bin abu daki-daki, kuma na gode, amma ba ni da lokacin daki-daki. Duk takardar da ta rage, ka kai wa wanda ya kamata ya sa hannu. Kada ka jira ni, kada ka tambaye ni, ai don haka na ba ka wakilci. Kowace tambaya sama da wata take ci tsakanin zuwa da dawowa. Ka gama mini da ofis ɗin nan, sauran mai sauƙi ne.

Ina sauri, motar da za ta kai wannan gidan waya tana jira.

Haeda

Tawau
Maris, 1997

Daeng,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau takardarka ta watan azumi ta shigo hannuna. Mutumin da ka ba ya maƙale a Nunukan, bakin iyaka, yana jiran izinin shigowa, sai jiya ya tsallako. Allah ya jiƙan Puang Sennang, ya sa ta huta. Ban gaya wa Inna ba tukuna.

Kada ka kai wa Sakka takardar nan. Wadda na aiko maka bayan Salla ba amsar wannan ba ce, lokacin ban san komai ba. Ka dakata kamar yadda ka ce. Ga ta'aziyya na rubuta masa a ciki, ka kai masa da kanka. Zan ci bashin albashi in aiko a ƙarshen wata.

Ka amsa mini da wuri, ta gidan waya.

Haeda

Lawarang
Yuni, 1997

Ndi' Haeda,

Sallama. Muna lafiya, ina fatan Gwaggo ta ƙara samun sauƙi. Takardunki biyu sun iso, da kuɗin. Ban amsa ba don ina sa ran in gyara kafin in faɗa. Bai gyaru ba, don haka ga yadda aka yi.

Ta bayan Salla ce ta fara zuwa, na kuma ɗauke ta amsa. Na lura ba ki yi ta'aziyya ba, na yi mamaki, amma na ce rashin lafiyar Gwaggo ne ya ɗauke miki hankali. Washegari na hau wajen Sakka. Ya ba ni tabarma, ya ba ni shayi. Na fito da takardar.

Ya ce, "Malam, wannan kuma ta mece ce?"

Na ce ƙa'idar ofis ce kawai, ba ta nufin komai.

Ya ce, "In ba ta nufin komai me ya sa aka buga ta? Karanta mini."

Na karanta. Ya ce in maimaita wurin ɗauke gida, na maimaita. Ya juya kofi a hannunsa, sannan ya ce, "Ko arba'in ɗin uwata ba a yi ba, an aiko mini da takardar kora."

Na ce ba kora ba ce. Na ce ke da kanki kike son gidan ya zauna inda yake, na tuna masa alkawarin tsohuwa.

Ya ce, "Na san da shi. Ta gaya mini tana kwance a wurin nan, na kuma amsa mata. Da baki aka yi shi, da baki nake shirin cikawa. Amma tunda ku kuka fara hawowa da takarda, to bismilla, nuna mini ta gidan."

Ba ni da ita, kin sani. Ya karɓi alƙalamina ya sa hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Ka gaya wa mai fili ba sai ta nema ba. Mu ba a yi mana sau biyu."

Kafin mako ya zagayo ya sayar wa La Tuwo, wani manomi da ke da fili a Lempong, ƙetaren rafi. A gaban dagaci suka yi, da shaidu da kan sarki. Bayan arba'in ya koma Ambon. Takardarki ta biyu ta zo bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta'aziyyar na aika masa, bai amsa ba.

Na je wajen La Tuwo sau biyu, na biyun da dagaci. Na ce a mayar masa da kuɗinsa da ƙari. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce 'yarsa zai aurar, ya riga ya gaya wa surukai, kuma irin wannan katakon ba a samunsa yanzu. Na tambayi hakimi ko akwai ƙofa. Ya ce Sakka kayansa ya sayar, La Tuwo da kuɗinsa ya saya, ke kuma filinki yana nan ba wanda ya taɓa, ina ƙarar take?

Ya jira aka girbe shinkafa gonaki suka bushe. Juma'ar da ta wuce aka ɗauke shi. Tun ana gobe aka ɗaure gora tsakanin dirkoki, tsaye da kwance, mata suka fitar da duk abin da zai fashe. Bayan an sallame liman ya yi shela, masallaci duka ya juyo nan. An sha shayi da kayan zaƙi, sannan kowa ya shiga ƙarƙashi ya nemi wurin kafaɗa. Wani tsoho ya hau kan dutse yana ba da murya. Kira na farko bai motsa ba, wani ya ce, "Masu tumbi su fito su ba maza wuri!" Na biyu ya tashi.

Ni ma na sa kafaɗa. Gara ki ji daga bakina. An yi shela, kuma ba a taɓa jin namijin da ya ji shelar ɗaukar gida ya wuce nasa gidan ba, ko da gaba yake da mai shi. Ɓangaren madafa na samu. Muka bi ta gonaki, ana ajiyewa ana hutawa, muka tsallake rafi ruwa iya gwiwa. Ko katako ɗaya bai tsage ba. Kafin la'asar yana tsaye a Lempong, fuskarsa gabas. Aka ci shinkafa da miyar nama, gishiri ya ɗan yi yawa.

A filinki akwai duwatsun da dirkokin suka tsaya a kai, da ƙasar da rana ba ta taɓa gani ba, fara sol. Kajin tsohuwar har yanzu nan suke taruwa da magariba.

Sanarwar ofis ta cika wa'adinta, ba wanda ya yi jayayya. Takardar mallaka ta fito shekaranjiya da sunanki, babu kuskure ko na harafi. Ga kwafinta, ta ainihin tana wajena. Kuɗin da kika aiko na ƙarshe ban taɓa ba. Raina ya ɓaci a kan abin nan fiye da yadda na iya rubutawa.

Asse

Tawau
Yuli, 1997

Daeng Asse,

Gaisuwa. Ni lafiya. Inna tana nan, ƙafafun sun kumbura. Takardarka ta iso da kwafin. Ban ga laifinka ba, abin da na ce ka yi. Kafaɗar ma na gode, gara da aka samu namu a ƙarƙashi.

Na riƙe ta kwana biyu a aljihu. Inna ta ce, "Takardar nan da kike ta taɓawa, ciwo take miki?" Sai na zauna na karanta mata, da wadda ta gabace ta, ban tsallake komai ba. Ta yi wa Puang Sennang addu'a, ta yi kuka kaɗan. Da na zo wurin ɗaukar gida na riƙa satar kallonta, ruwa da maganin suna kusa da ni.

Ta ce, "Ina suka kai shi?"

Na ce Lempong, ƙetaren rafi.

Sai na ji dariya. Ta ce, "Ashe gida ya koma. Ai can aka kai ni amarya. Shekarar da 'yan daji suka hana kowa barci, sojoji suka ce a matso bakin titi, shi ne aka ɗauko shi. Ina da cikin yayanki da bai zo da rai ba, ina bin sa a baya da tukunya a ka. Wurin Haji ai zango ne. Ni ban taɓa son sa ba, ƙarar mota, ga rijiyar da ɗanɗanon ƙarfe. Gabas suka juya shi? To haka yake da."

Ka san wannan, Daeng? Ni ban sani ba. A bakin titi na buɗe ido na gan shi, na ɗauka nan ya tsiro.

Ta ce, "To ke duk wannan zirga-zirgar me kika saya?"

Na ce filin.

"Wane fili?"

Na ce na Haji, inda gidan yake. Na nuna mata kwafin, da sunana da hatimi. Ta kai shi kusa da idon dama, ta juya bayansa, ta miƙo mini. Ta ce, "Duk shekarun nan da kika ƙone a gaban murhu, ƙasar Haji kika saya? Wa ya aike ki?"

Na tashi na ɗora ruwa.

Filin ka tambaya mini hanyar sayarwa. In irin ta saye ce, gara ka fara tun yanzu. Kuɗin da ke wajenka ka riƙe, za mu buƙaci mota daga tashar jirgin Parepare, don na yanki tikitin jirgin ruwa na farkon wata mai zuwa. Ka sa a gyara mana ɗaki a gidanka.

Inna ta ce kada ka riga mu zuwa wajen La Tuwo, kada ka kai dagaci, kada ka roƙa mata komai. Ta ce ta san kakarsa, tare suke wanki a rafin nan. Ita za ta je da kanta, a ɗauke ta a hau da ita tsanin, ta yi sallama kamar kowace baƙuwa. Kwana ɗaya za ta roƙa a wajensa, ba ƙari. Na ji abin da likita ya faɗa, don haka ban yi mata musu ba.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Haeda